Daga akwatin talabijin zuwa dandamali: Ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

A ranar 22 ga watan Yunin shekarar 2025 aka sauke labule na ƙarshe a kan wani wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da ake kira Smash, a gidan wasa na Imperial da ke unguwar Broadway a birnin New York na ƙasar Amurka. An buɗe wasan ne ranar 10 ga Afrilu, ke nan bai cika wata uku yana tafiya ba, duk da miliyoyin dalolin da aka narkar a kansa, da kuma gwanayen da aka tara domin shirya shi. Abin da ya ja hankalina game da wannan labari shi ne asalin wasan. Smash shiri ne na talabijin da tashar NBC ta nuna a tsakanin 2012 da 2013, wanda masoyansa suka shafe sama da shekara goma suna ɗokin ganin ranar da za a ɗora shi a kan dandamali. Da ranar ta zo, sai kasuwa ta watse tun rana ba ta yi tsaka ba.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tsaya mu dubi wata tambaya da ta daɗe tana kai-kawo a tsakanin masu harkar wasan kwaikwayo: shin wasa mai waƙa da aka ƙirƙira domin talabijin zai iya sauka daga akwati ya hau dandamali, a gaban mutane ido da ido, kuma ya ci nasara? Amsata ita ce yana iyawa, amma da sharaɗi mai nauyi. Sai masu shi sun yarda su rushe ginin da suka yi wa kyamara, su sake wani sabo da zai dace da zauren da mutane ke zaune a ciki. Sunan da shiri ya yi a talabijin yana iya kawo 'yan kallon makon farko, amma ba shi da ikon riƙe su.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai. Wasa ne da ake tafiyar da labarinsa ta hanyar magana da waƙa da rawa a haɗe, inda waƙar kan ɗauki wani ɓangare na labarin a kanta, ta yadda idan aka cire ta sai a ga giɓi. Babbar kasuwar irin wannan wasa ita ce Broadway, inda ake da gidajen wasa 41, kowannensu na ɗaukar mutum 500 ko fiye, sai kuma takwararta da ke yammacin birnin Landan. A al'adar waɗannan wurare sau takwas ake yin wasa a kowane mako, kuma a kowane mako sai an biya 'yan wasa da makaɗa da masu fitilu da masu tufafi da kuɗin hayar gida, ko an cika kujeru ko ba a cika ba. Sanannen abu ne cewa mafi yawan wasannin da ake buɗewa a Broadway ba sa mayar da jarin da aka zuba musu. Saboda haka duk furodusan da ya ga shirin da miliyoyin mutane suka riga suka san sunansa da waƙoƙinsa, dole ransa ya biya, domin a ganinsa an riga an yi masa rabin talla kyauta.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai abubuwa huɗu da talabijin ke bai wa wasa waɗanda dandamali ba ya bayarwa. Na farko shi ne kusanci. Kyamara na iya cika fuskar akwati da idon 'yar wasa, ta yadda ƙwalla guda ɗaya za ta isar da abin da dogon jawabi ba zai isar ba. Wanda ke zaune a layi na ashirin a zauren wasa ba zai ga wannan ƙwalla ba, sai an mayar masa da ita murya ko motsin jiki. Na biyu shi ne tacewa. A talabijin ana iya fara baiti a ɗaki, a ƙarasa shi a bakin teku, kuma duk inda aka yi kuskure a yanke a sake. Na uku shi ne murya, wadda ake ɗauka a situdiyo a gyara ta, wani lokaci ma a ari ta wani a ɗora wa wani. Na huɗu kuwa shi ne lokaci. Shiri mai dogon zango yana da makonni da watanni na sa mai kallo ya shaƙu da mutanen da ke cikinsa, alhali wasan daɓe ba shi da abin da ya wuce sa'a biyu da rabi. A kan dandamali, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Tarihi ya nuna cewa wasannin da suka tsallake wannan siraɗi su ne waɗanda ko dai tun farko ba su dogara da waɗannan abubuwa huɗu ba, ko kuma aka yi musu sabon ɗinki. Misali na farko shi ne Amahl and the Night Visitors na Gian Carlo Menotti, wanda NBC ta nuna kai tsaye a ranar 24 ga Disamba, 1951. Shi ne wasan ofera na farko, wato wasan da ake rera dukkan maganganunsa, da aka tsara musamman domin talabijin a Amurka. Labarin wani yaro ne gurgu da mahaifiyarsa matalauciya, waɗanda sarakuna uku matafiya suka yada zango a bukkarsu cikin dare. Tsawonsa bai kai sa'a ɗaya ba, 'yan wasansa kaɗan ne, kuma kusan komai a wuri ɗaya yake faruwa. Menotti mutumin dandamali ne, kuma ko da yake talabijin ce ta ba shi aikin, da dandamali a zuciyarsa ya rubuta shi. Shi ya sa a cikin 1952, watanni kaɗan bayan an nuna shi, aka fara yin sa a gaban jama'a ba tare da an sha wata wahala ba, kuma tun daga lokacin makarantu da coci-coci da ƙananan ƙungiyoyin wasa ke maimaita shi a lokacin Kirsimeti. Wannan wasa bai yi hijira ba, gida ya koma.

Misali na biyu ya fi koyar da darasi, domin shi sai da aka yi masa aiki. A ranar 31 ga Maris, 1957, tashar CBS ta nuna Cinderella, wasa ɗaya tilo da mashahuran abokan aikin nan Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka rubuta domin talabijin, inda Julie Andrews ta fito a matsayin marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 107 ne suka kalle shi a wannan dare. An sake shirya shi domin talabijin a 1965, sannan a 1997 tare da Brandy da Whitney Houston. An kuma yi ta gwada shi a kan dandamali ta siffofi dabam-dabam, tun daga birnin Landan a 1958. Duk da wannan farin jini, bai shiga Broadway ba sai a watan Maris na 2013, shekara 56 bayan haihuwarsa.

Me ya jawo wannan jinkiri? Wasan asali gajere ne, an auna shi daidai da sa'a ɗaya da rabi ta talabijin har da tallace-tallace, kuma labarinsa bai da kaurin da zai riƙe babban zaure tsawon dare. Da aka tashi kai shi Broadway, sai aka ɗauko marubuci Douglas Carter Beane ya sake rubuta labarin. Ya mayar da yariman maraya wanda wani mugun waziri ke juya shi, ya ƙirƙiro wani matashi mai fafutukar kare talakawan da ake ƙwace wa filaye, ya kuma sa Cinderella ta zama mai buɗe wa yarima ido a kan halin da ƙasarsa ke ciki. An kuma cike giɓin waƙoƙi da wasu da Rodgers da Hammerstein suka rubuta domin wasu wasanni. Akwai masu sharhin da ba su ji daɗin wannan ƙari ba, suna ganin an cusa siyasa a cikin tatsuniya. Amma wasan ya yi tafiya har zuwa Janairun 2015, an yi shi sama da sau 750, daga nan ya zagaya biranen Amurka.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne yadda aka warware matsalar rikiɗar tufafi. A talabijin abu ne mai sauƙi tsummokara su zama rigar gimbiya, domin kyamara na iya kau da kai. A kan dandamali babu inda za a kau da idon mutum dubu. Sai mai tsara tufafi William Ivey Long ya ɗinka riguna masu asirin ninki, waɗanda 'yar wasa za ta juya a tsakiyar fili, a gaban kowa, tsumma ya koma ado cikin ƙiftawar ido. A kan wannan ya samu lambar yabo ta Tony, wadda ita ce mafi girma a harkar. Darasin a fili yake: inda kyamara ta yi dabara, sai da aka nemo wata dabarar da ta fi ta ban mamaki saboda a zahiri ake yin ta.

Misali na uku ya nuna cewa dandamali ba iri ɗaya ba ne. A watan Janairun 2006 tashar Disney Channel ta nuna High School Musical, labarin wani ɗan wasan ƙwallon kwando da wata haziƙar ɗaliba da suka karya al'adar makarantarsu suka shiga wasan waƙa. Mutum miliyan 7.7 ne suka kalle shi a daren farko, kuma faifan waƙoƙinsa shi ne ya fi kowane faifai ciniki a Amurka a wannan shekara. Nan da nan aka fitar da rubutun da ya dace da dandamali, har aka ƙara wani ɗalibi mai sanarwa a lasifikar makaranta domin ya riƙa sada fitowa da fitowa, aikin da mai tacewa ke yi a fim. Ƙwararrun 'yan wasa sun zagaya da shi Amurka daga 2007, an kuma yi shi a Landan a 2008, amma bai taɓa shiga Broadway ba. Inda ya yi kasuwa ta gaske shi ne makarantu. Dubban makarantu sun biya kuɗin izini sun shirya shi da ɗalibansu. Dalili kuwa shi ne labarin na 'yan makaranta ne, filin wasan makaranta ce, 'yan kallo kuma iyaye ne da abokai waɗanda ba su zo neman Zac Efron ba, ɗansu suka zo gani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A cikin labarin wannan fim akwai wani abu da ya shafi batun murya. Mafi yawan waƙoƙin da aka ga Zac Efron na rerawa a fim na farko, muryar wani mawaƙi ce mai suna Drew Seeley. Da aka tashi zagayen rera waƙoƙin a gaban jama'a a ƙarshen 2006, Efron na can yana aikin wani fim, sai Seeley ɗin ne ya hau dandamali a madadinsa. Talabijin ta iya raba fuska da murya ta ba mutum biyu, amma da aka zo gaban jama'a sai da aka nemo mai muryar.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ɗaukar taurarin shiri a zagaya da su suna rera waƙoƙin da aka sani, kamar yadda 'yan wasan shirin Glee suka yi a 2010 da 2011, suka cika manyan filaye. Wannan biki ne na ganin taurari, kuma yana ƙarewa ranar da tauraro ya gaji ko farin jininsa ya dushe. Akwai kuma mayar da shirin ya zama wasan da zai tsaya da ƙafarsa, wanda ko wane ƙwararren ɗan wasa zai iya shiga rigar jaruminsa, a yi shi yau a yi shi bayan shekara talatin. Na biyun shi ne gwajin gaskiya. Akwai ma shirye-shiryen da ruhinsu gaba ɗaya a cikin dabarar allo yake. Pennies from Heaven, wanda Dennis Potter ya rubuta wa BBC a 1978, an gina shi ne a kan 'yan wasa su riƙa motsa baki a kan tsofaffin faya-fayen shekarun 1930, ta yadda za a ji muryar mace na fita daga bakin namiji, domin a nuna tazarar da ke tsakanin mafarkin mutum da rayuwarsa. Idan aka ce ɗan wasa ya rera da muryarsa, ma'anar ta tafi. Idan kuma aka bar shi yana motsa baki, wanda ya sayi tikiti zai tambayi abin da ya fito da shi daga gida.

Idan muka dawo kan Smash da wannan ma'auni, za mu fi fahimtar abin da ya faru. A zahiri babu shirin da ya fi shi kama da wanda zai dace da Broadway, domin labarinsa ma a kan Broadway yake: yadda ake shirya wani wasa mai suna Bombshell game da rayuwar Marilyn Monroe, da kishin da ke tsakanin 'yan mata biyu masu neman fitowa a matsayinta. Steven Spielberg na cikin furodusoshinsa, Marc Shaiman da Scott Wittman, waɗanda suka yi waƙoƙin Hairspray, su suka rubuta waƙoƙinsa. A watan Yunin 2015 an tara 'yan wasan shirin suka rera waƙoƙin Bombshell a dare ɗaya domin tara kuɗin agaji, tikiti kuwa ya ƙare cikin ɗan lokaci. Ina ganin wannan dare ya ba da alamar da ta fi gaskiyar lamarin girma. Cika zaure sau ɗaya da masoya na gani-kashe-ni abu ne dabam da cika gidan Imperial, mai kujeru kimanin 1,400, sau takwas a mako, wato sama da mutum 11,000 kowane mako, wata da watanni. Kada a manta kuma, tun a talabijin masu kallon shirin raguwa suka riƙa yi har NBC ta dakatar da shi bayan zango na biyu.

Masu shirya wasan na 2025, ƙarƙashin darakta Susan Stroman, sun san ba za su iya cusa labarin zango biyu a cikin dare ɗaya ba, don haka suka sake labarin, suka mayar da shi barkwanci, suka sauya matsayin 'yan matan biyu. Ta wannan fuska sun bi sharaɗin da na ambata. Inda nake ganin aka samu tangarɗa shi ne waƙoƙin. Yawancinsu an rubuta su ne a matsayin waƙoƙin Marilyn Monroe a cikin Bombshell, kuma a talabijin tacewa ce ke ɗaura su da halin da 'yan wasan ke ciki, a nuna mai waƙa a ɗakin gwaji, a yanka zuwa fuskar kishiyarta, a yanka zuwa mafarkinta. Da aka cire almakashin mai tacewa, sai waƙoƙin suka zama ado mai kyau da aka rataya wa wani labari dabam. Tsofaffin masoya ba su tarar da labarin da suka sani ba, sababbin 'yan kallo kuma ba su da tsohuwar shaƙuwar da za ta cike musu giɓin.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai masu wani ra'ayi. Za su ce wasan ya samu yabo daga wasu manyan masu sharhi, kuma ya fito ne a lokacin da sababbin wasanni suka yi cunkoso, sannan bai shiga jerin waɗanda ke takarar gwarzon wasan shekara a lambobin Tony ba, abin da kan karya kasuwar wasa ko daga ina ya fito. Wannan gaskiya ne, kuma faɗuwar wasa ɗaya ba ta isa hujjar yanke hukunci a kan kowa ba. Sai dai wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne ta wata hanya. Idan har sunan talabijin bai iya kare wasa daga guguwar da ke kayar da sauran ba, to garkuwar da furodusoshi ke zaton sun saya ba ta da kaurin da suke tsammani.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba kamar yadda za a zata. Finafinanmu na Hausa, waɗanda suka soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, a akwatin talabijin na cikin gida suka girma, kuma waƙa ta zama ginshiƙinsu bisa tsarin da muka gani a finafinan Indiya, inda irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ke rerawa a ɓoye, jarumai na motsa baki a fili. Haka mawaƙanmu ke shiga situdiyo, 'yan wasa su hau waƙar. Lokacin da aka fito da waɗannan waƙoƙi gaban jama'a da sunan gala, abin da aka fi yi shi ne a saka faifai tauraro ya taka rawa yana bin waƙar da baki. Wannan ganin taurari ne, irin na Glee, har ma bai kai shi ba tunda can da bakinsu suke rerawa. Duk mai burin ya ga labarin fim ɗin Hausa mai waƙa ya zama cikakken wasan daɓe, to tambayoyin da suka fuskanci masu Cinderella suna jiran sa: wa zai rera da muryarsa yana kuma wasa, me zai maye gurbin lambun da ake yankawa a tafi a tsakiyar baiti, kuma wace waƙa ce ke ɗauke da labari, wace ce aka saka domin tallar faifai kawai? Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ƙungiyoyin da suka haifi wannan masana'anta daga wasan daɓe suka fito, don haka ba baƙon fili ba ne a gare su.

A taƙaice, shawarata ga duk mai wannan niyya, a New York yake ko a Landan ko a Kano, ita ce ya yi wa shirinsa gwaji guda kafin ya nemi jari. Ya ɗauka cewa babu ko mutum ɗaya a zauren da ya taɓa ganin shirin a talabijin, babu tauraron asali ko ɗaya a cikin 'yan wasa, babu kuma damar cewa a yanke a sake. Idan labarin da waƙoƙin za su iya riƙe baƙo a kujerarsa na sa'a biyu a wannan hali, to ya ci gaba, sunan da aka yi a talabijin zai zame masa ƙarin riba. Idan kuwa ba za su iya ba, gara ya bar shirin a inda ya yi kyau, ya tattara kuɗinsa ya nemi sabon labarin da aka haifa domin dandamali.